Yaushe Tsamin Baki Ke Daina Zama Abin Dariya? Darasi Daga Ostireliya

Yaro ɗan shekara uku ya rugo tsakar gida yana haki, ya ce wa kakarsa, "Hajiya, luwa!" Ta kwashe da dariya, ta ɗebo masa a randa tana tsokanarsa: "Wannan miji nawa ko ruwa bai iya kira ba, ina zai iya cefane?" Kowa ya dara. Tsamin baki ke nan, kuma a wannan shekarun babu abin da ya fi shi daɗin ji.

Bayan shekara uku yaron ya shiga firamare, har yanzu "luwa" yake cewa. 'Yan aji sun fara kwaikwayonsa, shi kuma ya daina ɗaga hannu ko ya san amsa. Uwarsa ta sami surukarta ta ce, "Hajiya, anya ba za a kai shi a duba ba?" Ita kuwa ta ce, "Ƙyale shi, ubansa ma haka ya yi, kuma ga shi nan ya daina." Duk su biyun son yaron suke yi. Abin da zai raba musu gardama shi ne sanin shekarun da yawancin yara ke kammala furta kowane sauti. Akwai wata mata a Ostireliya da ta ba wannan tambaya shekaru da dama na rayuwarta, kuma yadda ta tunkare ta akwai abin koyi a ciki.

Sunanta Sharynne McLeod, farfesa a Jami'ar Charles Sturt da ke Bathurst, wani ƙaramin gari mai nisan kusan kilomita 200 yamma da birnin Sidni. Fagenta shi ne yadda yara ke koyon sautukan magana, da yadda ake taimakon waɗanda furucinsu ya ƙi daidaita. A shekarar 2018 ita da abokiyar aikinta Kathryn Crowe suka yi wani aiki mai cin rai wanda ba kowa ke da haƙurinsa ba. Sun tattaro nazarce-nazarce 64 da aka yi a ƙasashe 31, a kan yara 26,007 masu magana da harsuna 27, suka jera su baƙi bayan baƙi. Suka gano cewa a shekara biyar yawancin yara sun mallaki kusan dukkan baƙaƙen harshensu, suna furta aƙalla kashi 93 cikin ɗari daidai. Tsayau irin su b da d, da 'yan hanci irin su m da n, su ke fara zama a bakin yaro. Zuzau da dangin r su ke zuwa a ƙarshe.

Wannan ƙidaya ta taɓa rayuwar yara kai tsaye. A Amurka an daɗe ana dogaro da tsofaffin jadawalai da ke nuna wai sautin r na Ingilishi yana iya kai wa shekara bakwai ko takwas bai zauna ba, don haka a makarantu da yawa akan ce wa iyaye su jira. Da McLeod da Crowe suka sake bin bayanan yaran Amurka a 2020, sai ya bayyana cewa yawancinsu sun iya shi tun suna shekara biyar. Ashe an yi ta sa yara jiran abin da lokacinsa ya riga ya wuce. Jinkirin kuwa yana da tsada, domin yaron da ya shiga makaranta bai bambance sautuka a bakinsa ba ya fi fuskantar haɗarin wahalar karatu da rubutu.

Mu dawo gida. A cikin harsunan nan 27 akwai Larabci, akwai Swahili da Xhosa daga Afirka, amma babu Hausa. Ga shi harshenmu yana da nasa sautukan da jadawalin Ingilishi bai san da su ba: ɓ da ɗ da ƙ da ts da 'y, ga ra-kaɗe da ra-gare, ga tsawon wasali, ga karin sauti da ke canza ma'anar kalma. Nazarin ya nuna cewa sautukan ƙyas-ƙyas na harsunan kudancin Afirka, waɗanda baƙo ke ganin sun fi komai wuya, yara kan iya su kafin r. Ke nan abin da ke wa babba wahala ba lallai shi ke wa yaro ba. To ɗan Bahaushe fa, a wace shekara yake raba kura da ƙura? Ba a Bathurst za a samo mana amsa ba. Sai mun zauna da ɗaruruwan yara a Kano da Sakkwato da Damagaram, mun nuna musu hotuna, mun ɗauki muryoyinsu, mun ƙirga.

Wani darasin kuma shi ne yadda McLeod ta ɗauki iyaye a matsayin masu sani. A 2012 ita da Linda Harrison da Jane McCormack suka fitar da wani ɗan ma'auni mai tambayoyi bakwai kacal, wanda uwa ko uba ke amsawa. A cikin watan da ya wuce, kina gane maganar ɗanki? 'Yan gida fa? Dangi? Abokan wasansa? Sauran waɗanda suka san shi? Malamansa? Baƙi? Kowace tambaya ana amsa ta daga "kullum" zuwa "sam". An fassara shi zuwa harsuna sama da sittin, kuma kyauta ake samunsa a intanet. Hikimar a fili take. Uwa takan gane ɗanta ko da me ya faɗa, don haka ainihin gwajin shi ne mai shago ko malamar aji. Abin ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibiti za ta iya yin waɗannan tambayoyi cikin 'yan mintuna a ranar da aka kawo yaro.

Ta kuma saurari yaran kansu, abin da ba kasafai masu bincike ke yi ba. Ita da abokan aikinta sun riƙa sa ƙananan yara su zana hoton kansu suna magana da wani, sannan su yi hira da su. Da yawa daga cikinsu ba su ɗauki bakinsu a matsayin matsala ba. Abin da ke ɓata musu rai shi ne mai sauraren da bai gane su ba. Wannan tsokaci ne gare mu manya. Yaron da aka ce wa "me ka ce?" sau uku, sannan aka fashe da dariya, zai koyi yin shiru kafin ya koyi furuci.

Maganin kansa ba wani sihiri ba ne. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi gwadawa a wannan fage ita ce ta kalmomi biyu masu bambancin sauti ɗaya. A ce yaro yana mayar da k ta koma t. Sai a ajiye masa hotuna biyu, na kofi da na mai yin tofi, a ce ya faɗi wanda yake so a miƙo masa. Ya ce "tofi" alhali kofi yake nufi, sai a miƙa masa na tofin. Nan zai gane cewa sautin da yake musanyawa yana ɗauke da ma'ana, ya fara ƙoƙarin gyarawa da kansa. Irin waɗannan kalmomi ba sa fassaruwa. Dole masanin Hausa ya zaɓo su daga cikin Hausa, yana kula da tsawon wasali da karin sauti.

Abin da ya fi burge ni a tarihin aikin McLeod shi ne wani gwaji da bai ba da abin da aka so ba. A birnin Sidni ita da tawagarta sun tantance yara sama da dubu ɗaya a makarantun renon yara, suka ware 123 masu matsalar furuci. Aka raba makarantun gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Wasu yaran suka riƙa amfani da wata manhajar kwamfuta da aka ƙirƙira a Ingila, malamansu na lura da su, sauran kuma suka ci gaba da karatunsu yadda aka saba. Da aka auna, waɗanda suka yi amfani da manhajar ba su zarce sauran ba, kuma malamai da dama ba su sami sararin yin adadin zaman da aka tsara ba. Suka buga sakamakon yadda yake a 2017. Mu da ke saurin karɓar duk sabon abin da aka kawo a waya ko kwamfuta, wannan ya isa ya sa mu riƙa tambaya: an gwada? Da wa aka kwatanta? Mai binciken da ya bayyana inda bai yi nasara ba ya tsare wa jama'a kuɗinsu da lokacin 'ya'yansu.

Akwai kuma wata ƙa'ida da aikinta kan yara masu harsuna da yawa ya nanata, wato a raba bambancin harshe da lalura. Yaron Sakkwato da ke cewa "hwari" lafiyarsa lau, karin harshen garinsu yake yi. Ɗalibar da ke furta p ta Ingilishi kamar f tana bin tsarin Hausa ne. Idan aka auna su da ma'aunin wani harshe, za a ɗora wa masu lafiya cuta, a kuma tsallake masu buƙatar taimako na gaskiya. Haka nan yana da kyau mu sani cewa mafi yawan yara masu tsamin baki ba su da wani lahani a harshe ko a maƙogwaro. Kafin a kira wanzami ya yanke linzami, a fara kai yaro a duba kunnensa, domin ciwon kunne mai yawan dawowa yakan rage ji, kuma yaro ba ya furta abin da bai ji sosai ba.

Ba daga fanko za mu fara ba. Muna da sassan nazarin harsunan Nijeriya da na ilimi na musamman a jami'o'i irin su Bayero, muna da masana Hausa a Zariya da Sakkwato da Yamai. Muna da malaman tajawidi da suka san mafitar kowane harafi, suka kuma saba zama gaban yaro suna gyara masa furuci da haƙuri. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan a kan tambaya guda, a kuma sami wanda zai riƙe ta shekara ashirin ba tare da ya gaji ba. Nazarin yaro ɗaya ko biyu yana da amfani, amma ma'auni sai da taro.

Don haka ɗalibin da ke neman batun digiri na biyu ko na uku, ga fili nan a buɗe. Iyaye kuwa, a ci gaba da jin daɗin tsamin bakin ɗan shekara uku. Amma idan yaro ya kai shekara biyar baƙo ba ya gane maganarsa, lokacin jira ya ƙare, a kai shi a duba.