Aikin wuta: Daɗewa daban, gwaninta daban

Makon jiya na je suna a Jiga Birni, cikin Ƙaramar Hukumar Aliero. Bayan an shafa fatiha, wani yayana ya ja ni gefe ya kawo mini kukansa. Ɗansa ya shekara shida yana koyon wayarin a wurin wani maigida a Jega. Yaron ya ce ya gaji da ɗaukar tsani, yana son a yaye shi, maigidan kuma ya ce da saura. "Malam," in ji shi, "kai da ka yi boko, shekara nawa mutum ka yi ga wanga aiki kafin a ce ya iya?" Na kasa ba shi amsa nan take, domin tambayar ta fi ƙarfin tsayuwar ƙofar gida. Ga abin da na tattaro bayan na kwana da ita.

Mu a nan, idan za mu yabi mai gyaran wuta, cewa muke yi "tun zamanin NEPA yake aikin nan." An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan a watan Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa, daga baya kuma Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna suka faɗa hannun kamfanin Kaduna Electric. Wanda ya ga waɗannan zamunna uku ya cancanci girmamawa. Amma ni kaina na taɓa sayen darasi a kan wannan yabo. Shekarun baya na ba wani dattijo aikin shagon iyalina, ba don komai ba sai don furfurarsa. Ya ja siririyar waya mai milimita 1.5, wadda ta dace da ƙwan fitila, ya kai ta ga soket ɗin da firji biyu za su sha wuta, alhali mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne 2.5. Bai kuma binne ƙarfen da ke zubar da ɓatacciyar wuta cikin ƙasa ba. Wata rana da la'asar ƙaurin roba ya tashi, Allah Ya sa da mutane a wurin. Da na yi masa magana, sai ya ce haka yake yi shekara da shekaru, ba a taɓa kuka da shi ba. Gaskiya ya faɗa. A lokacin da ya koyi aikin, gida ba ya wuce fitila huɗu da fanka da rediyo. Gidajen sun canza, shi bai canza ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina fifita 'yan takarda ne. Na ga matashin da ya fito da digiri, ya iya lissafin nauyin wuta a allo tiryan-tiryan, amma aka kira shi injin niƙa ya tsaya, ya rasa ta inda zai fara. Wani mai naɗin koyil da ko firamare bai gama ba ya saurari kukan injin, ya shinshina, ya ce layi ɗaya cikin ukun ne ya ɗauke. Haka kuwa aka tarar. Wannan kunne da wannan hanci ba a samunsu a aji, shekaru ne ke ba da su. Matsalarmu ita ce mai hannu ba shi da shaida, mai shaida ba shi da hannu, kuma kowa yana raina kowa.

To, ina hanyar take? Akwai ta, sai dai ba a cika faɗa wa yaranmu ba. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gudanar da jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku: ana farawa daga mataki na uku, a hau na biyu, a ƙare a na ɗaya, kuma aikin hannu ake dubawa. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana ba da shaidar fasaha da ake neman gurbin karatu da ita. Daga nan yaro zai iya shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi ya yi ƙaramar difloma ta shekara biyu, ya yi shekara guda yana aiki, ya dawo ya yi babba. Ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, a ƙofar gidanmu. Hukumar NEMSA, da dokar 2015 ta kafa, ita ke tantance masu haɗa wuta ta ba su takardar ƙwarewa, ita kuwa COREN tana yi wa masu aikin hannu rajista kamar yadda take yi wa injiniyoyi. Duk babban aikin da za a bayar, na makaranta ko asibiti ko kamfanin casar shinkafa, waɗannan takardu ake fara tambaya. Shi ya sa sau da yawa baƙo ne ke karɓar kwangila, sannan ya ɗauki gwanayenmu a matsayin leburori, ya biya su kuɗin yini.

Sana'ar kanta ta yi rassa. Akwai mai wayarin ɗin gidaje, akwai mai naɗin injuna, akwai mai aikin layi da taransifoma, akwai mai kula da injunan masana'anta. Sabon reshe kuma shi ne sola. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, manomin albasa a Aliero da Maiyama ya fara lissafin abin da injin ban ruwa ke sha, da yawa kuma suka karkata ga hasken rana. Sai dai wutar sola ba irin ta falwaya ba ce. Ta falwaya kai-komo take yi sau 50 a daƙiƙa, ta sola kuwa hanya ɗaya take bi, don haka idan ta yi tartsatsi ba ta saurin mutuwa, kuma birekar gida ba ta dace da ita ba. Wanda ya shekara talatin a kan falwaya, a nan ɗan koyo ne. Gemu ba ya hana ilimi, girman kai ne ke hana shi.

Ina kira ga iyayen gida masu yara a hannu da su ji tsoron Allah. Riƙe yaro shekara bakwai yana fasa bango da sayo abinci ba koyarwa ba ce. A yi yarjejeniya tun farko a gaban shaidu: abin da zai koya kowace shekara, da ranar yaye. Shugabannin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama kuma, maimakon rabon kayan sana'a ranar biki kawai, su biya wa masu aikin wuta kuɗin jarrabawar gwajin sana'a. Jami'armu ta Aliero ta buɗe gajerun kwasa-kwasai da Hausa a ƙarshen mako, ta kuma gayyato tsofaffin gwanaye su koyar da ɗalibanta abin da littafi bai faɗa ba.

Shi kuwa yayana, jiya na kira shi. Na ce ya daina ƙirga shekaru, ya tambayi yaron abu huɗu. Zai iya lissafa nauyin gida ya zaɓi wayar da ta dace? Zai iya gano matsala da mita, ba da taɓawa da baya-bayan hannu ba? Ya san haɗin layi uku? Yana tabbatar da cewa wuta ta mutu kafin ya sa hannu? In ya iya, a roƙi maigidansa ya sa masa albarka, ya je ya zauna jarrabawa bana. In bai iya ba bayan shekara shida, to a sake masa maigida tun da sauran ƙuruciya.

Allah Ya tsare mu da gobara, Ya sa albarka a sana'o'inmu.