Jerin gwanon makon Ista a Sevilla: baƙo ya kalla da ladabi ko ya kauce



Duk shekara idan Maris ko Afrilu ya kama, sai hotunan bidiyo daga Sifaniya su fara yawo a wayoyinmu: mutane cikin dogayen riguna da huluna masu tsini, fuska a rufe sai ido, riƙe da kyandirori, ga wani katafaren dandamali na binsu kamar shi ke tafiyar da kansa. A ƙasan hoton sai ka ga an rubuta wai taron matsafa ne, ko wai 'yan ƙungiyar nan ce ta Amurka mai ƙin baƙar fata. Wasu yaranmu kuma suna turawa gaba suna dariya. Mu a wannan ƙungiya muna ganin wannan kuskure ne, kuma irin kuskuren da kan dawo ya tsaya a ƙofar shagon mutum.

Abin da ake gani a hotunan ibada ce ta mabiya ɗarikar Katolika, a makon da ke ƙarewa da Ista, kuma wadda ta fi shahara ita ce ta birnin Sevilla, wanda masu kallon ƙwallo suka sani, Larabawa kuma suke kira Ishbiliya. Ƙungiyoyi kusan 60 ne ke fitowa cikin kwana takwas. Kowace tana tashi daga cocin unguwarta, ta bi titi da ƙafa har babbar majami'ar gari, sannan ta koma gida. Wasu sukan yi fiye da awa 12 a hanya. Tun 1604 shugaban cocin garin ya tsara cewa babbar majami'a za a riƙa dosa. Rufe fuskar kuwa alamar tuba ce, don kada a san wanda ke yi balle a yaba masa. Sifaniyawa suna sa wannan hula tun kafin a kafa waccan ƙungiyar ta Amurka a 1865, don haka haɗa su jahilci ne kawai.

Dandamalin nan ba inji ke jansa ba. Maza ne 30 zuwa 50 a ƙarƙashinsa, labule ya rufe su, nauyin da ya wuce tan guda yana kan ƙeyarsu bisa wani gammo na buhu. Ba sa ganin hanya. Wani mutum ne a gaba yake ba su umarni da murya, ya buga wani ƙarfe su ɗaga gaba ɗaya, ya sake bugawa su sauke. A lungunan tsohon gari akwai inda tsakanin dandamali da bango bai wuce tafin hannu ba. Da can 'yan dakon tashar jirgin ruwa ake biya su ɗauka. Daga 1973 ne 'yan ƙungiya suka fara ɗauka da kansu, kuma yau mutum yakan jira shekaru kafin ya sami gurbi. Duk wanda ya taɓa dakon buhun albasa a kasuwa ya san abin da wuya ke ji, ya kuma san mutum ba ya neman wannan wahala don wasa.

Daren da ya fi girma shi ne na Alhamis wayewar Juma'a, inda ƙungiyoyi shida ke fitowa daga tsakar dare har gari ya waye. Wasu da ganguna da ƙahoni, jama'a na tafi suna kiran suna. Wasu kuwa shiru suke tafiya, kuma idan sun iso dubban mutane sukan yi tsit, har ka ji jan takalmi a ƙasa. Wani lokaci mutum ɗaya zai rera waƙar juyayi daga bene, ba kiɗa, kowa ya tsaya har ya gama. Idan aka yi ruwa fasa fitowa ake yi, domin sassaƙen katako ne masu shekaru ɗaruruwa, ɗaya daga cikinsu tun 1620. A 2024 ruwa ya hana duka shidan fita, aka ga manya suna kuka a ƙofar coci, aikin shekara guda ya tafi.

To baƙon da ya tsinci kansa a wurin, ɗan kasuwa ne ko ɗalibi, me ya kamace shi? Ya san cewa a wannan sa'ar titin na masu ibada ne. Kada ya ratsa tsakiyar sahu don yana sauri. Kada ya cusa waya a fuskar wanda ya rufe fuska. Idan an yi shiru ya yi shiru. Idan ya tarar da mutane sun kama wuri tun da rana, kada ya kutsa gabansu. Kuma kada ya ruga da gudu ko ya yi ihu don raha, domin a 2000 da 2017 firgici ya tarwatsa taron daren, aka yi turereniya, mutane suka ji rauni.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Aƙidarmu ba ta yarda an gicciye Annabi Isa, alaihis salam, ba, ba ma sassaƙa siffarsa ko ta Nana Maryam, kuma akwai malaman da suke ganin Musulmi bai kamata ya halarci bikin addinin wasu ba ko da kallo ne. Mu ba majalisar fatawa ba ce. Wanda ya bi wannan ra'ayi ya kauce, ya zauna a masauki ko ya canza ranar tafiyarsa, ba wanda zai zarge shi. Ai cikin 'yan garin ma akwai masu barinsa a wannan mako saboda cunkoso. Amma tsakanin kaucewa da izgili akwai nisa. Hana zagin abin da wasu ke bautawa yana nan a Suratul An'am, tare da dalilinsa: zagi yana jawo ramuwa.

Akwai kuma masu kawo tarihi. Gaskiya ne hasumiyar babbar majami'ar da ake dosa asalinta ta masallaci ce, an gama ta a 1198, garin kuma ya fita daga hannun Musulmi a 1248. Duk Musulmin da ya tsaya a gindinta zai ji wani abu a ransa. Amma tsohuwar da ta zo da jikanta yana miƙa hannu a ɗiga masa kakin kyandir ba ita ta ci garin da yaƙi ba.

Dalilin da ya sa muka damu shi ne mu ma baƙi ne a nan Kudu. Ranar Juma'a sahunmu yakan fito har titi, motoci su jira. Ranar Idi da zagayen Maulidi haka. Ba don muna da takardar mallakar titin ake jiranmu ba, haƙurin maƙwabta ne, kuma yawancin maƙwabtan nan suna cikin wayoyin yaranmu suna ganin abin da suke turawa. Ba mu manta yadda ranmu ke ɓaci ba idan wani ya ɗauki hoton masu sujada ya rubuta maganar banza a ƙasa, ko idan ɗan yawon buɗe ido ya shiga gaban dawakin sarki a hawan sallah a gida.

Su ma Katolikan unguwanninmu suna da nasu jerin gwanon ranar Juma'ar Ista, ɗauke da gicciye, suna tsayawa wuri 14 suna addu'a. Yakan biyo ta gaban rumfunanmu. Muna roƙon masu babur da Keke Napep su jira ko su canza hanya ba tare da matsa hon ba, masu shago su rage rediyo har a wuce, masu shimfiɗa kaya a bakin titi su ɗan ja baya. Iyaye kuma su duba wayoyin yara, wanda ya riga ya tura irin hoton nan ya goge.

Sakatare