Takardar Koke Kan Jinkirta Tallafi Sai Zaɓe Ya Gabato

Zuwa ga Mai Girma Ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar Fagge,
Majalisar Tarayya, Abuja.

Ranka ya daɗe, mu ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu na Fagge da Sabon Gari muna kawo kukanmu kan yadda tallafin gwamnati yake bin kalandar zaɓe, ya bar lokacin da talaka yake cikin ƙunci.

A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari. A shekarar ne kuma tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe, Naira ta faɗi, kaya suka yi tsada a Kantin Kwari da Singa. A lokacin ne ɗan tireda yake neman abin da zai riƙe jarinsa. Amma rancen TraderMoni na Naira 10,000 bai fito ba sai 2018, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo yana zaga kasuwanni da shi, zaɓen Fabrairun 2019 saura watanni. Masu mulki suka ce taimako ne, 'yan adawa suka ce sayen ƙuri'a ne. Wanda ya karye a 2016 kuwa ya riga ya rufe shago. A 2020 ma an kulle Kano a Afrilu saboda korona, amma har Oktoba ana gano kayan abincin tallafi jibge a rumbuna a jihohi da dama.

Kuɗin da zai ceci jari yau, in an jinkirta shi shekara biyu, cefane kawai zai yi.

Don haka muna roƙon ka gabatar da ƙudurin doka da zai tanadi:

1. Wa'adin fitar da tallafi da zarar Hukumar Ƙididdiga ta tabbatar da karayar tattalin arziki.
2. Shugabannin kasuwa da masu unguwanni su tantance mabuƙata, ba tare da tambayar katin jam'iyya ba.
3. A liƙa sunayen waɗanda suka amfana a sakatariyar ƙaramar hukuma.
4. A hana rabon tallafi ɗauke da hoton ɗan takara ko tutar jam'iyya.

Harajinmu ba ya jiran zaɓe, haka ma kuɗin hayar shago. Muna roƙo a duba wannan koke kafin kakar siyasa ta kankama. Allah Ya yi maka jagora, amin.

Naka,
'Yan kasuwa da masu sana'ar hannu na Fagge da Sabon Gari, Kano.