Sabon Malami, Kada Ka Raina Aji Ɗaya

Akwai wata al'ada a yawancin makarantunmu na firamare: gogaggen malami a ba shi aji shida, sabon zuwa kuma a tura shi aji ɗaya, kamar horo. Shi ma sabon, burinsa ya samu sauyi zuwa sakandare, inda yake ganin martaba take. A ganina, duk wanda ya kammala NCE a Zariya ko Gidan Waya, aka tura shi Ikara, Maƙarfi ko Kudan, ya kamata da kansa ya nemi ɗaya daga cikin azuzuwa uku na farko.

Dalili na farko shi ne yadda ilimi ke ginuwa. Dokar UBE ta 2004 ta tanadi shekara tara na ilimin tushe, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Amma shekaru ukun farko ne na koyon karatu. Daga aji huɗu, da karatun ake koyon sauran darussa. Yaron da ya wuce wannan gaɓa bai iya haɗa baƙi da wasali ba, kwafar allo kawai zai riƙa yi har a yaye shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, harshe. Ɗan manomin rake a Hunkuyi ko na tumatir a Ikara da Hausa yake zuwa makaranta. Rubutun Hausa kuwa yana bin furuci, saboda haka malamin da ya ƙware wajen koyar da sautuka zai ga amfanin aikinsa cikin watanni. A kan wannan aka gina littattafan Mu Karanta! da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato.

Na uku, aikin yana gina shi kansa malamin. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa cin kashi 75 cikin ɗari, aka sallame su. Ko me mutum zai ce game da adalcin matakin, ya nuna cewa takardar shaida kaɗai ba ta tsare aiki. Wanda ya koyar da tushe dole ya naƙalci tushen.

Masu wani ra'ayin za su ce ƙananan azuzuwa sun fi cunkoso da gajiyarwa, kuma wanda ya karanta lissafi ko kimiyya ya fi amfani a sakandare, inda ake ƙarancin irinsa. Suna da hujja. Mai ƙaunar fanni fiye da tarbiyyar ƙananan yara ya tafi can, babu laifi. Abin ƙi shi ne a guje wa aji ɗaya don ana ganin ƙasƙanci ne, alhali matakin albashi takardu da shekarun aiki yake bi, ba lambar ajin firamare ba.

Sakataren ilimi da hedimasta ne ke da ikon rabon aji, amma roƙon aji ɗaya ba kasafai yake da abokin takara ba. Kafin ka yanke shawara, ka zauna mako guda a aji ɗaya, mako guda a aji shida. Ka ƙirga 'yan aji shida nawa ne ba sa iya karanta jimla guda, sannan ka tambayi kanka a wane aji aka rasa su.