Kama da wane ba ta wane: rikicin bakin salansa a garejojin Madawa, Buza da Keita

Duk wanda ya san hanyoyin da ke tsakanin Madawa, Buza da Keita ya san cewa a-kori-kura, wadda direbobi ke kira bashe, ita ce jakin wannan zamani. Ita ke kwaso albasa daga garaken kwarin Tarka ta kai inda manyan motoci ke jiran lodi, ita ke hawan duwatsun Buza da buhunan hatsi, ita ce kuma ke sada ƴan kasuwa da Tunfafi, Tamaske da Ibohamane ranakun kasuwa. Ranar da ta kwanta a gareji, ba mai ita kaɗai ke kwana da tunani ba. Cikin abubuwan da ke kwantar da ita kwana da kwanaki akwai wani ƙarfe da mutane ba su cika kula da shi ba, wato bakin salansa, wanda kanikawa ke kira kolektar, a Sakkwato kuma manifol.

Wannan ƙarfe shi ke manne a jikin kan inji, yana tattara hayaƙin kowane silinda ya zuba shi cikin bututu guda. Na asali ƙarfen zubi ne, mai kauri da nauyi. Zafin da yake sha yakan wuce digiri 600 idan mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu. Sai kuma damina ta zo, a faɗa cikin ruwan korama da shi ja wur. Shekara da shekaru a haka, ya tsage. Daga nan ne mai mota ke shiga kasuwa.

A kasuwa kuwa zaɓi uku ne: sabo na kamfani, tsoho ɗan Kwatano da aka ciro daga wata mota, ko kuma wanda ake kira adaftabul, na wasu masana'antu dabam, wanda sau da yawa bututai ne aka lanƙwasa aka yi musu walda, suna walƙiya kamar azurfa. Tun karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan kamfani suka fi ƙarfin yawancin masu motoci, hankali ya koma kan kayan da ke shigowa ta Ilela da Birnin Konni. Rufe iyakar Najeriya daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da takunkumin 2023 da ya toshe hanyar Kwatano, sun ƙara koya wa mutane karɓar abin da suka samu. Babu laifi ga wannan. Laifin yana ga yadda ake sayen.

Mai mota yakan aika yaro ko ya buga waya ya ce a kawo masa "na Hilux". To, Hilux tun 1968 ake ƙera ta, kuma injunan da suka ratsa cikinta suna da yawa. Akwai na fetur kamar 22R, akwai na gazuwal irin su 2L, 3L da 5L, sannan akwai na baya masu turbo kamar 2KD, waɗanda turbon nasu a kan bakin salansar yake zaune, don haka ƙirarsu dabam ce gaba ɗaya. Sunayen ma kansu tarko ne: injin da ake kira 3L lita 2,8 ne, mai lita 3 kuwa shi ne 5L, sai mai saye ya faɗi girman inji, mai sayarwa ya ji sunansa. Har cikin inji guda akwai bambanci. A 1985 Toyota ta sake fasalin 22R, ramukan hayaƙi da a da suke zagayayyu suka koma masu tsukakken gefe ɗaya. Wanda ya haɗa bakin salansar wancan zamani da kan injin wannan zai ga kusoshi sun shiga, amma ramuka ba su hau juna sosai ba. Sannan ko sama ta zauna daidai, ƙasa na iya ƙi, domin mota mai jan ƙafa huɗu tana da ƙarafa a ƙarƙashinta waɗanda mai jan ƙafa biyu ba ta da su, kuma ta nan ne bututun zai ratsa.

Akwai kuma wani dalili da ya fi ɓuya. A Nijar dama ake bi, sitiyari na hagu. Haka Najeriya tun 1972. Amma ƙasashen da aka fi yayin irin waɗannan bututai na a-kori-kura, kamar Ostiraliya, Tailan da Afirka ta Kudu, hagu suke bi, sitiyarinsu na dama. Maƙerin da ya zana bututunsa a can ya bi da shi ta sararin da ya gani babu komai. A motar da ke aiki a Keita, a wannan sararin ne sandar sitiyari take, ko bututun man birki. Kwali ya rubuta sunan injin daidai, bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne gefen da direba ke zama.

Abin da ke biyo baya kowa ya san shi, in dai ya taɓa zama kan benci a gareji. An kwance tsohon, an ɗora sabon, kusoshi shida sun shiga biyu sun ƙi. Sai a ɗauko zarto a faɗaɗa rami. Bututu ya taɓa sitiyari, sai a ɗauko guduma a lotsa shi. Fuskar da za ta manne da inji ta ɗan karkace tun wajen waldar masana'anta, musamman idan siririya ce, sai a ce ƙarfin ɗauri zai miƙar da ita. Ba ya miƙarwa. Kan injin 22R na alminiyom ne, haka na Peugeot 504 mai fetur da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna; idan aka matsa kusa fiye da kima, ko dai ta karye a ciki, ko ta cinye zaren ramin. Ciro karyayyar kusa daga kan inji, musamman ta can baya kusa da jikin mota, aiki ne da kan sa a sauke kan injin dungum, wani lokaci a ɗauke shi zuwa Tawa ko Maraɗi. Aikin da aka ce na safiya ɗaya ne ya zama na sati. Idan lokacin ɗibar albasa ne, cikin zafin Maris da Afrilu, ɗan kasuwar da ya riga ya biya manoma shi zai tsaya yana kallon buhunansa a rana.

Da asarar kuɗi ce kawai, da an ce harkar kasuwa ce. Amma bakin salansa da bai zauna ba yana yoyon hayaƙi a daidai ƙafafun direba, kuma cikin hayaƙin, musamman na fetur, akwai iskar guba da ba ta da launi ba ta da wari. Lokacin ɗari, gilasai a rufe, mutum uku ko huɗu a gaba, sai ciwon kai da gyangyaɗi, a ɗauka gajiya ce. Na biyu, siririn bututu ya fi ƙarfen zubi feso zafi, kuma sau da yawa ba shi da wurin ɗaura farantin kariya na asali, sai a jefar da farantin. Man birki irin na yau da kullum yana tafasa a wajen digiri 205 in sabo ne, amma wanda ya tsufa ya sha danshi yakan tafasa tun a 140. Wanda ya san gangaren da ake saukowa daga tudun Buza da mota cike da mutane a kan kaya ba ya bukatar a gaya masa ma'anar birki ya koma ƙasa babu tsayawa. Wayoyin lantarki da na'urar tayar da mota su ma suna gasuwa a hankali.

Me ake nema da har ake ɗaukar wannan kasada? Masu sayarwa sukan ce yana ƙara wa mota ƙarfi. Akwai ƙamshin gaskiya: bututai masu tsawo daidai suna taimaka wa inji fitar da numfashi, amma ribar ƴar kaɗan ce, kuma sai sauran salansar ta dace da su. Ga tsohuwar bashe mai ɗauke da kayan da suka fi ƙarfinta a kan gargada, abin da direba ke ji ya ƙaru yawanci ƙara ce. Gargadar ma ita ce maƙiyin walda: inji na rawa kan robobinsa, dogon bututu na rawa nasa, idan babu mahaɗa mai lanƙwasuwa da ƙarfen riƙo a tsakani, wurin waldar ne zai tsage kafin damina ta zagayo. Tsohon na zubi ɗan Kwatano, in an duba babu tsaga, sau da yawa ya fi sabon mai walƙiya dacewa da waɗannan hanyoyi.

Wajen asara kuwa, al'adar kasuwa a fili take: ƙarfen da guduma ta taɓa ba ya komawa kanti. Bakanike zai ce shi abin da aka kawo masa ya ɗaura, mai kanti zai ce abin da aka tambaya ya bayar. A ma'aikatu abin ya fi muni, domin mai sa hannu kan takardar saye ba ya ganin ƙarfen, direban da ke shaƙar hayaƙin kuma ba a tambayarsa. Takarda ta ce na asali, abin da ke ƙarƙashin bonet kuwa wani abu dabam.

Kanikawan da suka san aikinsu ba sa yarda da sunan mota. Lambar inji suke karantawa a jikinsa, su haɗa da lambar shasi da ke cikin takardar mota, sannan su aika da tsohon ƙarfen ko juwan ɗinsa a gwada rami da rami a gaban mai kanti, a kuma yi sharaɗin mayarwa kafin kuɗi su fita. Idan kaya sun zo, sukan ɗora fuskar a kan gilashi ko miƙaƙƙen ƙarfe su ga ko haske na ratsawa, su rataya shi da hannu ba tare da ɗauri ba, su juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, su tabbata akwai sararin yatsa biyu tsakaninsa da duk abin da ke kusa. Robobin inji da suka mutu sai an sake su tukuna, don su ke sa inji ya zauna a karkace. Ɗauri kuwa daga tsakiya ake farawa a yi waje, kaɗan-kaɗan, da sabon juwan, kuma a sake bin kusoshin bayan motar ta yi tafiya ta farko ta huce. Wanda ya ƙi zama a wannan gwaji, kwalinsa ake mayar da shi tun babu tabon guduma a jikinsa.