Muna Wuce Sifawa Muna Gyangyaɗi

Duk wanda ya taso daga Fakku ko Kuci ko Kebbe zai shiga birnin Shehu, galibi sai ya ɓulla Tambuwal ya hau kwalta, ya wuce Shagari, ya bar mararrabar Yabo, ya ratsa Boɗinga da Sifawa. Muna bin hanyar nan don asibiti, don jarrabawa, don sayayyar aure, don bin sawun fansho. A tambayi fasinjojin mota guda, manya da yara, me ya faru a Sifawa, za a ji tsit. Alhali a garin nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kimanin shekara biyar yana karantarwa yana rubutu, kafin ya koma Sakkwato a 1815. A Boɗinga ƙanensa Abdullahi ya yi zama. Tambuwal ɗin da muke tsayawa sayen tsire ribaɗin Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne. Mu kuwa muna kujerar baya muna gyangyaɗi, kai a jingine da buhun albasa.

Abin da muke kira a yi ƙarami ne, har da kunyar faɗa. Mutum ɗaya da ya san gari ya sa mutum goma ko sha biyar a gaba, a taka da ƙafa na awa biyu, ya nuna musu gini ya ba su labarinsa, a tsaya a ci abincin garin a inda ake girka shi, a ƙarshe a ba shi haƙƙinsa. A Fas ta Maroko da tsohon garin Zanzibar sana'a ce da magidanta ke riƙe gida da ita. A Sakkwato kuwa, sauka tasha ka ce kana neman wanda zai zagaya da kai birni ya ba ka tarihi, ka ga irin kallon da za a yi maka.

Da an ɗauko zancen sai wani ya taɓe baki ya ce yawon banza ne, aikin Turawa masu gajeren wando da kyamara. To, mu tambaye shi: alhazanmu da ke sauka Madina, me suke yi ranar ziyara? Ana kai su Uhudu da Ƙuba da Ƙiblataini, mai bayani yana gaba suna biye, su dawo gida su shekara suna ba da labari a zaure. Ba mu taɓa jin an kira wannan yawon banza ba. Ba muna haɗa darajar wuraren ba ne, Allah Ya tsare. Muna cewa ne al'adar bin mai sani a ƙafa don a ga inda abu ya faru tamu ce tun tuni. Har gobe mutane na tasowa daga Nijar da sassan ƙasar nan su zo Hubbare. Sai dai da sun yi addu'a sun fito, mota ce ke jiransu, kamar birnin ya ƙare a bakin ƙofar nan.

Bai ƙare ba. A ce an taru bayan sallar asuba cikin hunturu, kafin rana ta buɗe ido, don wanda ya san zafin Sakkwato ba zai sa mutane tafiyar ƙafa da azahar ba. A fara da Hubbare, inda gidan Shehu yake, inda aka rufe shi a 1817, inda kuma 'yarsa Nana Asma'u take kwance. A nan kaɗai 'yan matan makaranta za su ji cewa mace ta shirya jajis suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata tun kafin a yi mafarkin makarantar boko. A gangara masallacin Shehu, a ƙarasa masallacin Bello da ƙofar fadar Sarkin Musulmi. A shiga Gidaɗawa, shiyyar Waziri Giɗaɗo, wanda ya karɓi baƙuncin Baturen nan Kilafatan a 1824; ya sake dawowa, ajali ya riske shi a Sakkwato a 1827. A bi ta Maƙera Asada a ji ƙarar guduma, a leƙa wurin majema da madunka, a gaya wa yara cewa fatar jar akuyar nan da ke kiwo a bayan gidansu ita ce ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, don ta can take isa hannunsu. Sannan a zauna gaban mai masa, a ci da zafinta, a gutsuri hoce, a kora da fura da nono. Mai masa ta yi ciniki, baduku ya sayar da jaka, direban da ya kawo su ya samu lodi.

Sai ƙofofi. Ana lissafa takwas: Ƙofar Rini, Ƙofar Kade, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Kware da Ƙofar Aliyu Jeɗo. Ganuwar da ta haɗa su, wadda Muhammadu Bello ya soma tun kafa birnin a 1809, kusan babu ita. An yi gidaje a kanta, an kwashe ƙasarta an yi tubali. Ga saurayin yau, Ƙofar Rini suna ne da ake gaya wa ɗan kabu-kabu. Haka Giginya ta zama sunan filin ƙwallo da otal da barikin soja, alhali fili ne da Sarkin Musulmi Attahiru ya tsaya da jama'arsa gaban bindigogin Ingilishi ranar 15 ga Maris, 1903. Mun riƙe sunayen, mun saki abin da suke nufi.

Laifin farko na masu ofis ne, kuma za mu faɗa. Su in aka ce yawon buɗe ido, abin da ke faɗo musu a rai shi ne kwangila: otal, shataletale, taron ƙaddamarwa, huluna masu tambari. Sai kuma jiran Bature, wanda rashin tsaro ya hana zuwa, kuma ko da yana zuwa nawa yake? Baƙon da ya kamata a yi wa tanadi yana nan cikin aji a Kebbe da Tambuwal, yana haddace sunayen kogunan wasu nahiyoyi. Tafiyar ƙafa ba ta da kaso goma cikin ɗari, shi ya sa ba ta da uban gida.

A dubi Kano. Tana da Dala da Kurmi da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, kayan da za a yi kwana uku ana zagayawa ba a gama ba. Amma a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Ginin da ba a kai yara su gani, ba shi da mai kare shi ranar da katafila ta iso. Agadas kuwa ta riƙe hasumiyarta ta laka mai tsawon mita 27, tana yi mata yaɓe, har tsohon birnin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013. Namu Surame, birnin Kanta da ke ƙasar Binji, tun 2007 yake cikin jerin masu jiran gado. Mu nawa muka taɓa taka shi?

Akwai masu cewa ana ta rai wa ke ta tarihi. Wannan magana tana da nauyi, kuma mu da ke kudancin jihar nan ba sai an koya mana tsoron hanya ba. Ba wanda ya ce a kwashi yara a shiga daji. Amma tsakanin Hubbare da fada ba daji, kuma muna shiga birnin kowace rana don wasu buƙatu. Ga kuma abin da ba a cika lura da shi ba: garin da aka tasa, ba hatsi da shanu kaɗai yake rasawa ba. Tsohon da ya san wanda ya haƙa rijiyar gari, da dalilin da ya sa ake kiran wata shiyya da sunanta, yana zaune a wani kango a bakin birni, ba mai tambayarsa komai. Idan ya rasu, an rufe da abin da ya sani.

Inda za mu ba masu adawa gaskiya shi ne wajen ladabi. Gidajen tsohon gari gidajen mutane ne, akwai matan aure a ciki. Ba za a sako samari da waya su riƙa ɗaukar hoton tsakar gida suna watsawa a TikTok ba. A tsaya a zaure, a nemi izinin mai gida da na mai unguwa. Sai kuma ƙarya. Mai zagayawa da ba shi da karatu, da ya ga ido ya yi masa yawa sai ya shiga ƙarin gishiri, ya haɗa tarihi da tatsuniya. Maganin wannan yana kusa: ga sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga gidan tarihi na Waziri Junaidu cike da takardu, ga ɗaliban da suka gama karatun tarihi suna zaman kashe wando. A haɗa su da dattawan shiyya, wannan ya kawo abin da ke rubuce, wancan ya kawo abin da ya ji daga kakansa, a tantance, a ba mutum shaidar cewa ya iya.

Mutanen birni kuma kada su ɗauka tarihi nasu ne su kaɗai. Kowane gari a ƙasar Kebbe da Tambuwal yana da tsohon masallaci, da maƙera, da inda kasuwa ta fara ci, da gidan da aka san shi da fura. Malamin firamare a Fakku ba ya buƙatar takarda daga Abuja kafin ya fito da 'yan aji shida ranar Alhamis, ya roƙi wani dattijo ya shige gaba, su zagaya gari su dawo kafin a tashi. Shugabannin makarantun da ke tara kuɗin walimar kammala karatu, a ɗinka anko a kira mai kiɗa, su ware rabin kuɗin su ɗauki mota guda zuwa birni. In an iso Sifawa, a ce wa direba ya tsaya, a tashi masu barci, kowa ya sauko.