Yaran da ke rataye a bangon otal

A wani otal a Parakou na ga tsohon hoton wasu yara na zamanin mulkin Faransa, an rataye shi don ado. Ba suna, ba gari. Mai otal ya ce a intanet ya saya.

Haka ake cinikin hotunan yaran Pueblo da Edward Curtis ya ɗauka a Amurka. To, wa ya nemi izinin zuri'arsu?

A Nuwamban 2021 Faransa ta mayar wa Benin kayan tarihin Abomey guda 26. Hotuna fa? Ni dai a ganina, a kai kwafinsu Zongon Djougou da na Parakou, tsofaffi su duba. Wataƙila wani ya gane kakansa, yaro ya samu sunansa.